Sharhi: Digirin aikin jin daɗin jama'a da zuwa gidajen mutane

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A ƙarshen 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa majalisar da za ta riƙa yi wa jami'an jin daɗin jama'a rajista a Nijeriya. Ke nan lokacin da za a tambayi kowane jami'i takardarsa ya matso. Digirin shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta JAMB, uku ga mai difloma, kuma jami'o'in Nsukka da Ibadan da Benin sun daɗe da sashensa. Kiranmu ga jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma da Al-Qalam a nan Jihar Katsina shi ne kada a ɗauka soshiyoloji ya wadatar. Shi wannan nazarin al'umma yake yi. Jami'in jin daɗin jama'a kuwa mutum ɗaya ake ɗora masa, ya bi shi har ya tsaya da ƙafarsa.

Mu ɗauki matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Likita ya ɗinke, ya ce ta ƙaurace wa shimfiɗar miji na wasu watanni, kuma haihuwa ta gaba sai a asibiti. Wa zai je ƙauyen ya fahimtar da mijin da uwar mijin? Jami'in ne. Zai zauna da matar su biyu, ya rubuta tarihinta: wa ke ciyar da ita, an sake ta ko da aurenta, tana da sana'a? Sai ya tsara mafita tare da ita, ya haɗa ta da masu koyar da sana'a, ya bi ta wurin mai unguwa kafin ya taka gidan, sannan ya riƙa komawa yana dubawa. Fayil ɗinta amana ne, ba abin hira a majalisa ba.

Haka yaran da aka kwance wa mari a Daura cikin Oktoban 2019. Kwance marin aikin yini ɗaya ne. Gano iyaye da tantance ko gidan zai karɓi yaron lafiya, shi ne aikin watanni.

Inda horon ke lalacewa shi ne wajen sanin makamar aiki. A tura ɗalibi ofis wata uku, ya ƙare da ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, saboda babu kuɗin mota kuma babu gogaggen jami'in da zai duba rahotonsa duk mako. Ya fito da digiri bai taɓa rubuta wa kotu rahoto kan yaro ko ɗaya ba. Ga kuma ƙarancin mata: gidan da aka rubuta "ba shiga", namiji a zaure zai tsaya, komai ilminsa.

Don haka a sa kuɗin zirga-zirgar ɗalibai cikin kasafin sashe, a ba kowane ɗalibi aƙalla mutum biyar da zai bi daga farko har ƙarshe, a kuma ware wa 'yan mata guraben tallafin karatu daga kowace ƙaramar hukuma cikin 34 ɗin jihar nan.