Jinyar Mage da Kare a Gida Idan Cuta Ta Fi Ƙarfin Magani

Jama'a, barkanmu da warhaka. Idan likitan dabbobi ya duba ya ce ƙodar magen nan ta gama lalacewa, ko ciwon dajin karen nan ya bazu, to haƙƙinsu yana nan a wuyanku har numfashin ƙarshe. Wani sai ya cusa ta a buhu ya kai bola. Dabbar da ta shekara goma tana kore maka ɓeraye daga rumbu! Kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ci, ba sakewa.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne maganin mutane. Tausayi ne ke sa uwar gida ta ɓallo farasitamol ta jiƙa wa mage, amma hantar mage ba ta iya sarrafa shi. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Za ka ga fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, tana haki don jininta ya kasa ɗaukar iska. Shi kuma kare, ibuprofen da diclofenac gyambon ciki suke sa masa, su taɓa ƙoda. Akwai maganin zafi na dabbobi. Likita ne zai auna shi daidai nauyin jikinsu.

Sauran aikin na hannu ne. A shimfiɗa tsumma mai laushi a inuwa, nesa da ƙiriniyar yara. Wadda ba ta iya tashi, a riƙa juya ta duk bayan awa huɗu zuwa shida, a goge fitsari kada fata ta saɓule. Ruwa a ajiye dab da bakinta. Abinci a ɗan ɗumama shi, ƙamshin kifi ko romo ne ke jawo ta. In ta kau da kai, kada a yi mata ɗura, tana iya shaƙewa.

Gargaɗi ɗaya: karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da miyau, ba na jinya ba ne. Haukan kare ake tsoro. A killace shi, a kira likita.

Ranar da numfashi ya zama wahala, magani ya daina kwantar da zafi, a koma asibitin dabbobi. Akwai allurar da ke sa ta barci ta wuce cikin mintuna kaɗan. Don Allah kada kowa ya ba ta shinkafar ɓera ko fiya-fiya. Azabar da za ta sha kafin rai ya fita ta fi ta cutar.