Jinjirin da ke cikin kogon dodanni

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wasa ne, amma ku ba ni aron kunnuwanku, domin gardamar da ke cikinsa ta girmi wasan nesa ba kusa ba.

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons, kamfanin TSR ya buga shi a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Ga wanda bai taɓa gani ba, tamkar tatsuniya ce da ake haɗa baki a yi. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur. Ɗaya ya zama jagora, shi ne mai "ga ta nan, ga ta nanku", shi ke faɗin yadda gari yake da abin da ke ɓoye a daji. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, wannan mayaƙi, wancan matsafi, ya riƙa faɗin abin da jaruminsa zai yi. In an zo inda ake shakkar ko abu zai yiwu, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, sai dai wadda aka fi jefawa fuska 20 gare ta.

Duniyar wasan cike take da jinsunan da ba mutane ba, kuma littattafan dokoki sun saba rubuta halin kowane jinsi a gaban sunansa: wannan na kirki ne, wannan ɗan ba-ruwanmu, wancan mugu. Mafi shahara cikin waɗanda aka yi wa tambarin mugunta su ne Orkawa, ƙarti masu haƙoran gadu, sai kuma Dirow, masu baƙar fata da farin gashi, mazauna ƙarƙashin ƙasa, masu bautar gunkiyar gizo-gizo. Tambayar da ta raba kan 'yan wasan shekara da shekaru ita ce: ya dace a ce jinsi sukutum mugu ne tun daga ciki?

Ni na ce bai dace ba, kuma a cikin wani kogo na samo dalilina.

A 1979 Gygax ya rubuta wani labarin wasa mai suna The Keep on the Borderlands, wato ganuwar da ke bakin iyaka, wanda ɗimbin yara suka fara koyon wasan da shi. Jarumai ke shiga koguna su yaƙi Orkawa da makamantansu. To, a cikin bayanin kogunan an ƙidaya mayaƙa, an kuma ƙidaya mata da 'ya'ya ƙanana waɗanda ba su ɗaukar makami. Ku kwatanta a ranku. An gama yaƙi, iyaye maza sun faɗi, ga jinjiri a lungu yana tsala kuka. Jarumin kirki me zai yi? In dokar ta ce mugunta a jinin wannan yaro take, to kashe shi aikin lada ne. Yaro ɗan shekara 12 da ke zaune a teburin nan sai ya furta da bakinsa cewa jaruminsa ya zare takobi, ko kuwa ya ƙi bin littafin.

A 2005, da masoya wasan suka yi wa Gygax tambaya kan jarumin kirki da abokan gaban da suka faɗo hannunsa, sai ya kawo tsohuwar maganar nan da ke cewa ƙwan ƙwarƙwata shi ke zama ƙwarƙwata. A tarihin Amurka ana jingina wannan magana ga Kanar John Chivington, wanda a watan Nuwamba na 1864 ya jagoranci kisan gillar Sand Creek a Colorado, inda aka hallaka 'yan asalin ƙasar na ƙabilun Cheyenne da Arapaho fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Ban ce Gygax na kiran a kashe wani ɗan Adam ba, maganar wasa yake yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da aka nemi hujjar kashe ɗan Ork, hujjar da ta zo kusa da hannu ita ce wadda aka taɓa kashe 'ya'yan mutane da ita. Babu wata hujjar daban da za a kawo, domin duk inda aka ce jini ne ya yi laifi, nan maganar ke ƙarewa.

Shi kansa J.R.R. Tolkien, marubucin Ingila da aka aro Orkawa daga littattafansa, abin bai bar shi ya huta ba. Ɗan ɗarikar Katolika ne mai riƙo da addini, ya yi imani cewa babu abin da aka halitta mugu tun asali. A wata wasiƙa ta 1954 ya ce ya kusa rubuta cewa Orkawa ba su da hanyar tsira, sai ya ga hakan ya wuce gona da iri. Har ya mutu a 1973 yana ta sauya ra'ayi kan asalinsu. A wata wasiƙar kuma ta 1958 ya siffanta kamanninsu da na mutanen Mongol ta hanyar da ba ta da daɗin ji. Masu cewa waɗannan halittu ba su da wata alaƙa da yadda Turawan wancan zamani ke kallon sauran al'ummu, sai su yi haƙuri, alaƙar a rubuce take.

Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya daɗe yana tafiya da tsohon tsarin. Ko a wani littafinsa na 2016, wanda ya zaɓi jarumi Ork sai an rage masa maki 2 na basira, don kawai Ork ne. A watan Yuni na 2020, makonni kaɗan bayan kisan George Floyd a Minneapolis, kamfanin ya fitar da sanarwa cewa Orkawa da Dirow za su zama al'ummu masu na kirki da na banza kamar kowa. An cire ragin basirar. A watan Disamba na 2022 aka sanar da barin kalmar Ingilishi da ke nufin launin fata ko ƙabila, aka koma ga mai nufin nau'in halitta, kuma a littafin 'yan wasa na 2024 Ork na cikin jaruman da kowa zai iya ɗauka. Kamfanin Paizo, mai wani wasa makamancinsa da ake kira Pathfinder, ya ma soke tsarin tambarin hali gaba ɗaya a 2023.

Waɗanda suka ƙi wannan sauyi ba duka ne masu mugun nufi ba, kuma maganarsu ta cancanci a saurara. Wani ya ce: na yini ina aiki, na zo da dare in yi wasa da abokai, ina son abokin gaba da zan yaƙa ba tare da an zaunar da ni a kotu ba. Wani ya ce tatsuniya ko'ina tana da dodonta, kuma ba wanda ya taɓa tambayar Dodo ko yana da uzuri. Akwai ma baƙaƙen fata 'yan wasa da suka ce wanda ya kalli Ork ya tuna da su, shi ne mai matsalar. Na yarda kuma cewa kamfani kasuwa yake nema, bai sauya don Allah da Annabi kawai ba. Ba ni da wata shaida cewa jefa ƙwaya a tebur na mayar da mutum mai ƙyamar wata ƙabila, kuma ba zan ɗora wa 'yan wasa wannan laifi ba.

Sai dai mai neman abokin gaba ba a hana shi ba. Wasan na da shaiɗanu, yana da gawawwakin da tsafi ya tayar, halittun da ba a haifa ba, ba su shan nono, ba su da ƙauye. Waɗannan a bar su da muguntarsu. Akwai kuma 'yan fashi, da masu cinikin bayi, da rundunar azzalumin sarki, waɗanda aikinsu ne ya sa ake yaƙarsu, kuma ba wanda zai yi jinkirin zare musu takobi. Inda na ja layi shi ne halittar da ke da harshe, take aure, take goyon ɗa, take binne mamacinta. Da zarar marubuci ya ba ta waɗannan, ya mayar da ita al'umma, kuma al'umma ba a yi mata kuɗin goro. Dodon tatsuniyarmu ɗaya ne tilo a bakin rafi. Ba a taɓa cewa Gizo ya shiga garin dodanni ya bi gida-gida yana yanka jarirai, a kuma tafa masa ba.

Mu da muka tashi da labarin aljanu wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Halittu ne daban da mu, daga wuta aka yi su, suna da ikon da ba mu da shi. Duk da haka a Suratul Jinni su da kansu suka ce a cikinsu akwai salihai, akwai waɗanda ba haka ba, hanyoyinsu daban-daban ne. Bambancin halitta bai kawar da zaɓi ba. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, domin ya ga ɗan malam ya lalace, ya ga ɗan ɓarawo ya zama limami.

Akwai kuma dalilin da ya shafe ni a matsayina na mai magana a rediyo. A 1994 a Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai, kuma an san abin da ya biyo baya. A nan gida ma muna jin yadda laifin 'yan bindiga ke sa a shafa wa ƙabila guda baƙin fenti, har da makiyayin da shi ma an sace masa shanu. Wasan tebur bai haddasa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma jimlar iri ɗaya ce, "su ai haka suke", kuma ba na son ganin an buga ta a littafin dokoki an miƙa wa yaro a matsayin gaskiyar duniyar da zai yi jarumta a cikinta.

Masu tsoron kada labari ya yi lami su duba Eberron, duniyar wasan da Keith Baker ya ƙirƙira, aka fitar a 2004, shekara 16 kafin sanarwar nan ta Wizards of the Coast. A can wasu Orkawa ne masu tsaron ƙasa, su ne suka tare mamayar wasu miyagun halittu tun zamanin da, suka ci gaba da gadin ƙofofin da aka kulle su. Orkawan ba su rasa ƙarfinsu ko al'adunsu ba, ba a mayar da su mutanen da aka sauya wa launi kawai ba. An dai ba su tarihi, sai jagoran wasa ya sami abin faɗa.

Haka zai iya yi da kogon nan na 1979. Me ya kawo Orkawa bakin iyaka? Fari ne ya koro su, ko wani sarki ne ya saye mayaƙansu, ko mutanen ganuwar ne suka fara cinye musu wurin kiwo? Yaƙin zai iya kasancewa dole, mayaƙan kogon za su iya zama azzalumai na gaske waɗanda suka ƙona ƙauyuka. In an gama, ga jinjirin nan a lungu, sai 'yan wasa su yi shawara: wa zai goya shi, wace mata ce a cikin ganuwa za ta yarda ta shayar da shi, me za a gaya masa ranar da ya girma ya tambayi inda ubansa yake. Wannan kaɗai ya ishe su wasan wata shida.