Lacca: Ganyen da tsutsa ta ci ba asara ba ne

Assalamu alaikum, jama'a, barkanku da zuwa. Na baya ku matso, akwai kujeru a gaba.

Maganarmu ta yau ita ce shuka tsirrai 'yan asalin wuri a cikin gida, wato itatuwa da furanni da ciyayin da tun fil azal suke fitowa da kansu a yankin da mutum yake zaune. Da an taɓo batun sai a ce ai ba sa shan ruwa da yawa, ba sa neman taki. Haka ne, amma ni ba nan hankalina yake ba. Tambayata ita ce: in ka fita farfajiyar gidanka ka juya ganye, kana ganin inda wani abu ya ɓula shi?

In ba ka gani ba, to lambun nan naka ba ya ciyar da kowa. Kusan kowane tsiro yana da dafin da yake kare kansa da shi, kuma yawancin ƙwarin da ke cin ganye ba su iya jure dafin kowane tsiro ba, sai na 'yan kaɗan da suka yi dubban shekaru tare. Ku karya ganyen tumfafiya, nan take farin ruwa mai danƙo zai tsatso, abin da ke korar ƙwari da yawa ke nan. Amma akwai wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro da tsutsarsa ke kiwo a kanta, har tana tara dafin a jikinta don kada tsuntsu ya yi sha'awarta. Ɗan'uwansa na Arewacin Amurka, wanda ke yin ƙaura zuwa Meziko duk shekara, shi ma tsutsarsa ba ta da abinci sai dangin tumfafiya. Ka nome su, ka kore shi.

To ina ruwanmu da tsutsa? Da ita yawancin ƙananan tsuntsaye ke ciyar da 'ya'yansu, ba da hatsi ba. Douglas Tallamy, masanin ƙwari a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya ƙiyasta cewa wata 'yar tsuntsuwa mai suna chikadi tana buƙatar tsutsa 6,000 zuwa 9,000 kafin ta yaye 'ya'yan sheƙa ɗaya. Sheƙa ɗaya fa! A wani bincike da shi da abokan aikinsa suka fitar a 2018, a gidajen birnin Washington da kewaye, sun gano cewa sai tsirran asali sun kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ke tsakar gida kafin tsuntsuwar ta hayayyafa yadda ya kamata.

Ba na cewa duk baƙon tsiro abin ƙi ne, wasu suna zaune lafiya inda aka dasa su. Wasu kuwa tsallake katanga suke yi. Kudzu, wani tsiro mai yaɗo daga Japan, an nuna shi a baje kolin birnin Philadelphia na Amurka a 1876 a matsayin abin ado. Yau ya lulluɓe dazuzzuka a kudancin ƙasar Amurka.

Yanzu sai aiki. Kafin ka sayi komai, zaga ka ga abin da ke fitowa a fegi da gefen hanya, a ƙasa irin ta gidanka. Tsiron fadama ba zai yi a jigawa ba don kawai ɗan yankin ne. Kada ka tumɓuko shi daga daji, yawanci saiwar ce ke tsinkewa ya mutu a banza. Tsinci iri, ko ka nemi dashe a wurin masu reno. Irin da ke da ɓawo mai tauri, kamar na gawo da bagaruwa, a ɗan kankare shi ko a jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana, in ba haka ba zai daɗe bai tsiro ba. Shekarar farko kuma dole ka yi ban ruwa, mai yawa amma jefi-jefi, don saiwa ta bi danshi ta nutsa.

Hajiya tana tambaya ko ƙwarin ba za su cinye mata lambu ba. Hajiya, za su ci wani abu, amma in kika ajiye feshi, tsuntsaye da zanzaro da gizo-gizo za su rage su. Ganyen da ya zuba kuma ki bar shi a gindin itace, a cikinsa tsutsotsi da yawa suke rikiɗa. Ki share hanya da bakin ƙofa kawai.

Akwai wata tambayar? Malam na can baya, bismilla.