Lacca: Baƙo a Gidan Opera na Birnin Paris

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa cikin waƙa, makaɗa na zaune a wani rami gaban dandamali, kuma gidan da zan yi bayani a kansa yau shi ne Palais Garnier da ke tsakiyar birnin Paris.

Sarki Napoleon na Uku ne ya ba da umarnin gina shi, bayan an jefa wa ayarinsa bama-bamai a ƙofar tsohon gidan opera a shekarar 1858. Charles Garnier, matashin da ba a san shi sosai ba, ya lashe gasar zanen ginin a 1861, amma ba a buɗe gidan ba sai watan Janairun 1875, lokacin da sarkin ya riga ya rasa mulki har ya rasu. Cikin abubuwan da suka ja aikin akwai ruwa da ya yi ta ɓulɓulowa daga ƙasa, wanda ya sa aka gina babban tanki a ƙarƙashin ginin, kuma yana nan har gobe.

Shawarata ga baƙo ita ce kada ya yi gaggawar wuce matattakalar marmara da ke tarbarsa, domin a ganina nan ne zuciyar gidan. Ku tsaya a tsakiyarta, ku ɗaga kai, za ku ga ƙananan baranda sun kewaye ta ta kowane gefe. An yi su ne don waɗanda suka riga isowa su jingina su kalli masu hawowa, su ga wa ya zo da wa, wace irin sutura kuma aka sha. Attajiran wancan zamanin sun zo sauraron waƙa, amma sun zo a gan su ma. Shi ya sa a zauren wasan, mai kujeru kusan 2,000, wasu kujerun gefe sun fi fuskantar 'yan kallo fiye da dandamali.

A saman zauren akwai zanen da Marc Chagall ya yi a 1964, mai launuka masu haske kewaye da katafariyar fitila. An yi ta ce-ce-ku-ce a kansa, ni kuwa ina ganin ya ba wa zauren numfashi a tsakiyar ja da ruwan zinariya.

Da rana ana sayar da tikitin zagaya gidan ba tare da kallon wasa ba, sai dai a wasu ranakun ana rufe zauren saboda 'yan wasa suna gwaji, don haka ku tambaya kafin ku biya.