Lambu a Buhu: Abin da Za a Shuka a Tsakar Gida da Lokacin Shuka Shi

Assalamu alaikum, jama'a. Wannan buhun da kuke gani na shinkafa ne, mai kilo 50. Yau kwana 25 ke nan da na yafa irin alayyafo a cikinsa, ga shi har ya isa yanka. Tsakar gidan nan kaf siminti ne, ba inda za a kafa fartanya, amma buhu goma sha biyu da ke jere a gindin katanga sun rage mana kuɗin cefane sosai.

Mu fara da abin da ake zubawa a buhun, don nan ne akasarin mutane ke yin asara tun kafin iri ya tsiro. Kwano biyu na ƙasa, kwano ɗaya na taki. In ƙasar unguwarku laka ce mai danƙo, ku ƙara yashi. In kuma jigawa ce da ruwa ke zurarewa nan take, sai ku ƙara taki. Amma fa ruɓaɓɓe. Ku duba wannan da ke hannuna: ya yi baƙi, yana marmashewa, ba wari, in ka cusa hannu cikin tsibin ba za ka ji zafi ba. Shekarar da na fara, kashin kaji na kwaso ɗanye daga akurki na cakuɗa. Cikin kwana uku dashen tattasaina ya ƙone ƙurmus, na yi baƙin ciki ƙwarai. Kashin kaji, na awaki ko na shanu, ku tara shi a gefe, kuna yayyafa ruwa kuna juyawa, ya yi wata biyu zuwa uku. Sannan ku huda gindin buhun wuri shida ko takwas, ku ɗora shi kan bulo ko duwatsu. Saiwa tana numfashi, in ruwa ya kwanta mata ruɓewa take yi.

To, me za a shuka? Kowa da tumatir yake so ya fara, tunda shi ne ke ƙona aljihu. Ni dai shawarata, ku dakata. Tumatir ɗan sanyi ne. Shi ya sa manoman rani na Kadawa da Kura a jihar Kano suke zuba iri da kaka, su yi dashe, su kwashe cikin hunturu, kasuwar Kwanar Gafan ta cika maƙil da kwanduna. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 35, sai furen ya riƙa kaɗewa bai ƙulla ɗa ba. Damina kuma ta zo da nata: ganye ba ya bushewa, cuta ta samu wurin zama. Tsadar da kuke gani daga watan Mayu zuwa Yuli, babban dalilinta ke nan. Wanda ya shuka tumatir a watan Afrilu ya ga ba ya 'ya'ya, sai ya ce ba shi da hannun shuka, alhali lokaci ne ya kuskure.

Don haka ku zuba irin tumatir wajen watan Oktoba a ƙaramar roba, bayan sati uku zuwa huɗu ku dasa, tushe ɗaya ko biyu a buhu, kuma da yamma, kada rana ta dafa shi ranar farko. Ku kafa masa kara ku ɗaure. Wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe za ku fara tsinka. Latas, karas, kabeji da lansir duk 'yan wannan lokaci ne.

Zafi da damina kuwa na kuɓewa ne, da yakuwa, da rama, da alayyafo. Kuɓewa ba ta son dashe, kai tsaye ake binne ƙwayarta, a jiƙa ta kwana ɗaya tukuna. Kafin wata biyu ta fara 'ya'ya, kuma sai kun riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, in ta yi tauri a jiki uwar takan rage haihuwa. Alayyafo shi ne malamin mai koyo. Kada ku tumɓuke shi, ku yanka ku bar kamar tsawon yatsa, zai sake tohowa sau biyu ko uku.

Akwai waɗanda ko iri ba sai kun saya ba. Albasar da ta tsiro a kwando, binne ta, ku riƙa yankar lawashi. Na'a-na'ar da kuka sayo don shayi, ku ware reshe biyu ku tsoma a kofin ruwa, cikin sati guda za ku ga fararen saiwoyi. Ita dai ku ba ta mazubinta ita kaɗai, don mamaye wuri take yi. Ɗoɗɗoya ma haka ake yi mata.

Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar. Kafin ku zuba, ku cusa yatsa a ƙasar: in da danshi, ku bar ta. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi, ni bokiti na ajiye a wurin alwala don haka kawai. Ruwan wanki mai bilic ko sabulun gari kam a'a. Ku rufe saman buhun da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, danshin zai daɗe.

Sai ƙwari. Ku juya ganye ku duba bayansa, can suke ɓuya. Kun ga wannan farin tabo a ganyen tumatir, kamar an kankare cikinsa? Aikin tsutsar da manoma ke kira sharon ne. Asalinta daga Kudancin Amurka ta fito, ta ɓulla a Sifen a 2006, a 2016 kuma ta yi wa gonakin tumatir na Kano da Kaduna ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A gona babba abin tsoro ce. A buhu goma kuwa, idonku ya fi kowane magani: duk ganyen da ya nuna alama, ku tsinke ku ƙona. Sannan ku tsinto 'ya'yan darbejiya, wato dogon yaro, ku shanya, ku ɓare, ku daka ƙwayar. Kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, ya kwana, ku tace da tsumma, ku ɗan goga sabulu a ciki don ya kama ganye, ku fesa da yamma sau ɗaya a sati. Ina roƙonku, kada ku ɗauko maganin feshin gona ku watsa wa ganyen da yara za su ci jibi. In kuwa gidan da kaji ko awaki, shinge ne farko, ko da na kara ko tsohon gidan sauro.

Masu ɗan fili a bayan ɗaki, ku sa zogale da gwanda. Zogale ko reshe kuka kafa zai kama. Da ya kai ƙugu ku datse kansa, ya yi rassa a ƙasa inda hannu ke kaiwa, in ba haka ba sai ya miƙe sama kamar falwaya, ganyen kwaɗo ya gagare ku. Gwanda kuma ku shuka uku, don akwai mace akwai namiji. Namijin furanninsa ƙanana ne, reto suke yi a dogon sili. Macen furenta babba ne, manne da jikin itacen, ita ce mai 'ya'ya, sau da yawa kafin shekara ta zagayo.

Wannan kuɓewar da na ɗaura wa jan ƙyalle, ba ta miya ba ce, iri ce. Zan bar ta ta bushe a jikin uwarta har ta fara tsagewa, in ɓare, in gauraya da ɗan toka, in rufe a kwalba sai baɗi. Yakuwa, rama da alayyafo duk haka nake yi musu. Tumatir na fakiti ne kawai ba na ajiye irinsa in an rubuta F1 a jiki, don haɗin aure ne, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwarsu. Shi kam duk Oktoba sabo nake saye.