Cinikin Tufafi a Duniya: Wa Asara Ke Faɗawa Kansa?

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya duba cinikin tufafi ne a duniya, da doguwar hanyar da kaya ke bi kafin su isa kanti.

Riga ɗaya takan ratsa ƙasashe da dama kafin ta hau jikin mutum. A noma audugar a Indiya ko Amurka, a saƙa yadin a rina shi a China, a yanka a ɗinka a Bangladesh ko Vietnam, sannan a loda a kwantena a nufi Turai. Kamfanin da sunansa ke wuyan rigar, sau da yawa ko keken ɗinki ɗaya bai mallaka ba. Nasa zane ne da ba da oda da talla. Tun da aka soke tsarin da ke ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta shigar kasuwannin Yamma a farkon 2005, oda take bin inda aiki ya fi araha.

In aka ce matsalar hanyar kaya, jiragen ruwa ake fara tunawa. Jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suez kwana 6 a watan Maris na 2021, kuma daga ƙarshen 2023 hare-haren Bahar Maliya sun tilasta wa jirage zagayawa ta kudancin Afirka. Wannan kam manyan kamfanoni sun iya maganinsa: su ƙara ajiya, su rarraba oda. Kamfanin Inditex na ƙasar Spain, mai shagunan tufafi na Zara, ya daɗe yana ɗinka kaso mai yawa na kayansa a kusa da gida, a Spain da Portugal da Maroko da Turkiyya.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke can ƙarshen layi.

Ranar 24 ga Afrilun 2013, ginin Rana Plaza mai hawa 8, wanda ke ɗauke da masana'antun ɗinkin tufafi, ya rufta a Savar, kusa da Dhaka, babban birnin Bangladesh. Mutum 1,134 suka rasu, sama da 2,500 suka jikkata. Ana gobe abin zai faru an ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma masu ɗinki aka ce su koma bakin aiki, domin akwai odar da ake jira. Bayan haka sai da aka riƙa tsintar tambarin kamfanoni a cikin ɓaraguzai ana gane waɗanda ake yi wa ɗinkin. Ɗan kwangila yakan karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa ya miƙa wa wani a ɓoye, mai oda kuma ya ce bai sani ba. Ni wannan uzuri bai shige ni ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya san farashin kowane maɓalli a jikin rigarsa ba zai rasa sanin ginin da ake ɗinka ta ba.

Da annobar korona ta zo a 2020, sai aka sake ganin inda nauyin ke sauka. Ƙungiyar masu masana'antun tufafi ta Bangladesh ta ce odar da aka soke ko aka dakatar ta kai ta kimanin dala biliyan 3. Ku tuna, mai masana'anta shi ke cin bashi ya sayi yadi ya biya ma'aikata, ba ya ganin kuɗinsa sai kaya sun tashi. Wasu kayan an riga an ɗinke su an naɗe a kwali. Ƙasar da tufafi suka zarce kashi 80 cikin 100 na abin da take fitarwa, da ma'aikata wajen miliyan 4, ina za ta sa kanta?

Gyara yana yiwuwa, an ma gani. Yarjejeniyar kare lafiyar gine-gine da kamfanoni sama da 200 suka sa wa hannu bayan Rana Plaza ta yi aiki ne saboda ana iya kai wanda ya saɓa mata gaban shari'a, har an faɗaɗa ta zuwa Pakistan a 2023. Sai dai ba ta magance matsalar farashi da lokacin biya ba, alhali can ne tushen matsin. A ƙarshen 2023 ma'aikatan Bangladesh sun nemi taka (kuɗin ƙasar) 23,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a wata, aka tsayar musu da 12,500. Muddin mai oda na neman a rage masa farashi a kuma gaggauta masa kaya, mai masana'anta a jikin ma'aikaci zai fanshe.