Sassabin zamani: wa ya dasa itatuwa miliyan 200 na Nijar?

Hotunan nan biyu da aka ɗauka daga sama sun cika wayoyi kwanan nan. Na hagu kudancin Nijar ne a 1975, fili fetal. Na dama wurin ne dai, bayan kusan shekara talatin. Kowane ɗigon baƙi da kuke gani itace ne. A ƙarƙashin hotunan kowa yana rubuta cewa an dasa itatuwa miliyan 200. Ba dasa su aka yi ba.

An dai gwada dashen. Bayan farin shekarun 1970 an kafa wuraren renon itatuwa, an raba dalbejiya da turare. Rana da gara da awaki suka cinye mafi yawansu.

A 1983, wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya tsaya a wata hanya ta yankin Maraɗi zai rage iskar taya saboda rairayi. Ya duƙa ya duba wani ɗan tsiro da kowa ke ɗauka ciyawa ce. Ashe kututture ne, saiwarsa na nan da rai a ƙasa tun lokacin da aka sare uwar.

Aikin hannun, ga shi kuna gani. A kututturen kalgo ko sabara ko magarya, ka zaɓi tsiro mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka cire sauran. Ka rage rassan gefe zuwa rabin tsayinsa. Wuƙa ko lauje ya zama mai kaifi, kuma ka yanka daga ƙasa zuwa sama, don in ka saro daga sama ɓawon zai tsage, ciwo ya shiga. Ka dawo bayan wata biyu zuwa shida ka sake gyarawa. Shi ke nan. Manoman Maraɗi suka sa masa suna sassabin zamani.

To, a nan ake ɓata. Kuna zaton manomin da ya gaji gona daga kakansa bai san kututture na tohuwa ba? Ya sani sarai. Kowace bazara da hannunsa yake sare tohon ya ƙone. Me ya sa?

Na farko, doka. A zamanin dokar dajin Turawan Faransa ta 1935, da wadda ta biyo baya a 1974, itatuwa irin su gawo suna hannun hukuma, ko da a tsakiyar gonarka suke. Ka sari reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Ku sa kanku a matsayin mutumin nan. Tsiro ne yau, gobe zai zama abin da zai ja maka tara. Ai gara ka kashe shi tun yana ƙarami. Ni ban ga laifinsa ba.

Na biyu, rani. Da an kwashe amfanin gona, fili ya zama na kowa. Mai neman itacen girki ya shiga, makiyayi ya shiga. Wa zai yi renon abin da wani zai sare da dare?

Na uku, kunya. Manomin kirki shi ne mai gona a share tas. Waɗanda suka fara barin toho, dariya aka riƙa yi musu, ana ce musu ragwaye.

Ku dubi abin da ya faru a yunwar 1984. Aka ce duk wanda ya bar itace a gonarsa za a ba shi abinci. Ƙauyuka 95, itatuwa kusan rabin miliyan. Da abincin ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Sai dai waɗanda suka bar nasu sun ga iska ta daina binne shuka da rairayi, ga itacen girki a kusa, ga na sayarwa. Maƙwabta suka gani da idonsu.

Abin da ya saki hannun mutane shi ne sassaucin da aka samu wajen tara, har manomi ya yarda cewa abin da ya rena shi zai mora. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara masa ƙarfin gwiwa. A Ɗan Saga, cikin yankin Agiye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro, da maza da mata da Fulani makiyaya a ciki, suka yanke tarar mai sata da kansu. Shigar da makiyayan ba ƙaramar dabara ba ce, domin 'ya'yan gawo da ganyensa su ne abincin dabbobinsu da rani. Wanda ke da rabo a itace ba ya barin a kashe shi.

Wannan gawon, ku lura, da damina yake zubar da ganye, don haka gero ke yin kyau a gindinsa. Yau ana maganar hekta miliyan biyar da itatuwa suka dawo ta wannan hanya a Maraɗi da Damagaram da Tawa.

Ɗan tsumman da ake ɗaurawa a jikin tsiron da aka bari kuwa, alama ce ga mai wucewa cewa yana da mai shi. Inda ba za ku ga tsumman ba shi ne gonar aro da ta jingina. Mai gonar yana tsoron itacen ya zama hujjar mallaka a hannun wanda ya ara, wanda ya ara kuma bai san ko baɗi yana nan ba. Mata da yawa a irin waɗannan gonakin suke noma, kuma har yanzu a nan ake sare toho kowace bazara.